Tambayoyin Masu Karatu: Lokacin da Fim Ya Fara Magana

Wasiƙu uku ne suka haɗu a kan magana ɗaya a wannan fitowa, biyu a kan tarihi, ɗaya a kan neman abinci na yau, shi ya sa na jera su wuri guda. Na taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya daga wani tela a unguwar Sabon Gari, Maraɗi: Assalamu alaikum, Malam. Kakana, Allah ya jiƙansa, yakan gaya mana cewa an yi zamanin da fim ba ya magana, sai dai a ga mutane suna motsa baki. Yaushe aka fara jin murya a fim, kuma me wannan sauyi ya yi wa masu ƙananan gidajen silima da ƴan kasuwar ƙananan garuruwa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kaka da rahama, kuma gaskiya ya faɗa muku. An yi fiye da shekara 30 ana kallon fim babu murya, tun daga nunin da ƴan'uwan nan biyu na gidan Lumière suka yi a Paris a watan Disamba na 1895. Sai dai zauren kallon ba shiru yake ba, domin a manyan birane akwai tawagar makaɗa a gaban allo, a ƙananan garuruwa kuwa mutum ɗaya ne yakan zauna yana buga piyano, yana kallon hoton yana sauya kiɗa, ya tsananta idan ana gudu da dawaki, ya sassauta idan ana kuka. Abin da ɗan wasa ya faɗa kuma a rubuce yake fitowa tsakanin hoto da hoto.

A watan Oktoba na 1927 kamfanin Warner Bros. ya nuna fim ɗin The Jazz Singer a birnin New York. Mafi yawansa ma irin na da ne, ban da waƙoƙi da ƴar magana ta wajen minti 2, amma cincirindon da aka yi a kansa ya isa ya nuna wa sauran kamfanoni inda kuɗi ya koma. A 1928 aka fitar da fim na farko da ake magana a cikinsa daga farko har ƙarshe, kuma kafin ƙarshen 1930 manyan kamfanonin Amurka sun kusan daina yin fim marar murya baki ɗaya. Charlie Chaplin ne ya yi taurin kai, bai yi cikakken fim mai magana ba sai a 1940.

Yana da kyau ka ga yadda na'urar farko take aiki, domin a nan wahalar mai ƙaramin gida ta fara. Muryar ba a jikin zaren fim take ba, a kan faifan garmaho take, babba mai faɗin inci 16, kowane naɗi na fim da nasa faifan, yana ɗaukar wajen minti 11. Mai haska fim zai ɗora allura daidai kan wata alama da aka yi a faifan, ya saita hoton farko a bakin na'ura, sa'annan ya tayar da su tare. Idan allura ta yi tsalle, ko zaren ya tsinke aka yanke wani yanki aka liƙe, shi ke nan murya da baki sun rabu, sai a ga mace ta buɗe baki a ji muryar namiji, zaure ya kece da dariya da ihu. Don gudun haka, duk hoton da aka yanke sai an mayar da baƙin zare daidai tsawonsa. Manyan birane su ke fara karɓar fim yana sabo, ƙaramin gari kuwa sai bayan watanni, zaren ya sha liƙi, faifan ya sha allura. Ba a daɗe ba aka watsar da faifai aka koma ga hanyar da ake ɗaukar murya a gefen zaren kansa, kuma daga wannan zamani ne aka tsayar da gudun fim a kan hoto 24 cikin daƙiƙa ɗaya, ƙa'idar da har yau ake bi.

Kuɗin sa wannan kaya dubban dalolin Amurka ne, a lokacin da tikiti a ƙaramin gari bai cika wuce santi 25 ba. Ban da na'ura, sai an gyara zauren kansa, domin bango da rufin da ba su dami kowa ba a zamanin piyano yanzu suna mayar da amo har ba a gane magana. Kamfanonin da ke ba da hayar fim kuma suka ƙara matsawa: maimakon kuɗin haya tsayayye, suka fi son a ba su kaso daga abin da aka tara a ƙofa, kuma sukan tilasta wa mai gida ya karɓi finafinai a dunƙule, masu kyau da marasa kyau, tun bai gan su ba. Wannan ɗabi'a ta ba da finafinai a dunƙule ba ta mutu ba sai da Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci a kanta a 1948.

Wanda ya fara rasa abincinsa shi ne makaɗi. Dubban makaɗan gidajen silima suka wayi gari babu aiki cikin shekara biyu zuwa uku, har ƙungiyarsu ta ƙasa ta kashe kuɗi mai yawa a 1930 tana buga tallace-tallace a jaridu, da zanen mutum-mutumin ƙarfe yana kiɗa, tana roƙon jama'a su ƙi kiɗan inji. Jama'a ba su ƙi ba. Bayan makaɗa sai ƴan wasan barkwanci da mawaƙa da masu dabo waɗanda suke yawo gari-gari suna wasa kafin a haska fim, su ma aka sallame su, tunda ga fitattun mawaƙan ƙasar a kan allo da kuɗin tikiti ɗaya. A ganina wannan shi ne babban abin da murya ta yi wa ƙaramin gari, kuma ba a cika faɗinsa ba. A da, wani ɓangare na kuɗin ƙofa yana shiga aljihun ɗan gari, mai piyano ya karɓa ya kashe a kantin maƙwabcinsa. Bayan zuwan murya wannan kaso ya kama hanyar New York da Hollywood, wajen masu na'ura da masu fim.

Ana cikin biyan bashin na'ura sai kasuwar hannun jari ta New York ta rushe a watan Oktoba na 1929, tattalin arziki ya karye, mutane suka rasa aiki. Zuwa 1933 masu zuwa kallo sun ragu ƙwarai, dubban gidajen silima sun rufe. Waɗanda suka tsira kuwa da dabarun ƴan kasuwa suka tsira. Suka fara nuna fim biyu da tikiti ɗaya. Suka ware dare ɗaya a mako da ake ba kowace mace da ta sayi tikiti faranti ko kofi ɗaya na tangaran, mako mai zuwa a ba da wani, ta yadda wadda take son cika jeren kwanukanta dole ta yi ta dawowa wata da watanni, ko fim ɗin ya yi daɗi ko bai yi ba. Wani mai suna Charles Yaeger a jihar Colorado ya ƙirƙiro daren ƙuri'a, inda ake rubuta sunayen mutane a littafi, a zaro ɗaya, idan mai sunan yana wurin ya karɓi kuɗi, idan ba ya nan a tara zuwa mako na gaba. Abin ya bazu ko'ina, kuma kotunan wasu jihohi suka ce caca ce suka hana.

Su ma ƴan kasuwar gari ba su zauna ba, domin sun gane cewa silima ta zame musu kamar ranar kasuwa. Manomi da iyalinsa da suka shigo gari ranar Asabar don kallo, su ne za su biya ta wajen wanzami, su sayi yadi da sukari da man fitila kafin su koma. Saboda haka masu kantuna sukan biya a haska sunan kantinsu a allo kafin fim ya fara, kuma a ƙauyukan da babu gidan silima sukan haɗa kuɗi su ɗauko mai majigi ya haska fim kyauta a jikin bango da daddare, su kuma su bar kantunansu a buɗe.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Tasawa: Malam, ɗalibaina sun tambaye ni yadda silima ta iso ƙasar Hausa, da kuma yadda iyayenmu suke bin labarin fim alhali ba su jin harshen da ake yi. Ina neman abin da zan gaya musu.

Amsa: Malama, Allah ya ba da ladan karantarwa. Abu na farko da za ki gaya musu shi ne, lokacin da gidajen silima na kuɗi suka kafu a ƙasar Hausa, fim ya riga ya fara magana, kuma da bakin wasu yake magana. A Kano, gidan Rex ya buɗe a 1937, shekara 10 bayan wancan fim na New York, a wajen ganuwa, kuma fili ne marar rufi. Sai a 1952 aka buɗe Palace a cikin birni kusa da kasuwar Kurmi, abin da ya jawo surutu mai yawa daga malamai. Yawancin masu irin waɗannan gidaje Kwarori ne ƴan Labanan, mutanen da dama suke cikin cinikin gyaɗa da atamfa. A gefe ɗaya kuma akwai majigin gwamnati, motar da ke zuwa ƙofar fada ta haska finafinan tsafta da noma kyauta, da tafinta riƙe da lasifika yana bayani da Hausa.

A ɓangarenmu na mulkin Faransa, inda Nijar take, kamfanoni biyu, COMACICO da SECMA, su suka riƙe harkar daga shekarun 1930 har zuwa farkon shekarun 1970. Su ke sayo tsofaffin finafinai da araha a Turai, su ke da mafi yawan gidajen kallo, kuma su ke yanke abin da sauran za su nuna. Zaren fim ɗaya yakan zaga daga Dakar zuwa Abidjan, ya bi sauran garuruwa ɗaya bayan ɗaya, kafin ya iso ƙasarmu ya gaji. Ban da wannan, a 1934 ministan ƙasashen mulkin mallaka na Faransa, Pierre Laval, ya sa hannu a dokar da ta ce ba mai ɗaukar fim a waɗannan ƙasashe sai da izinin hukuma, kuma dokar ta zauna har 1960. Ki lura da bambancin: Indiya ta yi fim mai magana nata na farko, Alam Ara, a 1931, Masar ta yi nata a 1932, mu kuwa sai bayan ƴancin kai ne Moustapha Alassane da Oumarou Ganda suka samu damar riƙe kyamara. Ba a daɗe ba kuma Ganda ya ciyo wa Nijar babbar kyautar farko ta bikin finafinan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 1972.

Game da Maraɗi, ki haɗa musu maganar da gyaɗa, domin nishaɗin da ake biya da kuɗi ba ya tsayuwa sai inda tsabar kuɗi take yawo. Bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 da ta sa aka tashi daga tsohon gari a kwari aka hau tudu, sabon garin ya girma ne a kan cinikin gyaɗa, wadda kamfanonin Turawa da Kwarori suke saye da kaka ta hannun dillalai ƴan ƙasa, a kai ta Kano a ɗora a jirgin ƙasa, kafin a 1953 a buɗe hanyar Parakou da Kotonu. Da kaka ne manomi yake da kuɗi a hannu, kuma da kaka ne ake kokawa da dambe, ake bukukuwan aure, makaɗa da maroƙa su samu. Silima ta shigo ne ta nemi rabonta a cikin wannan kuɗi. Sai dai ba ta kashe wasanninmu ba kamar yadda ta kashe ƴan wasan yawo na Amurka, kuma dalilin a bayyane yake: mai kalangu yana kiran sunanka da na ubanka a gaban jama'a, allo kuwa bai san ka ba. Kokawa ma ƙaruwa ta yi, har aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975.

Maganar harshe kuwa ta dami kowa, har Turawan kansu. Fim marar murya kowa nasa ne, da an sauya rubutun tsakani an gama. Da murya ta zo, sai ga kamfanin Paramount a 1930 ya buɗe ɗakunan ɗauka a Joinville kusa da Paris, inda ake maimaita fim ɗaya da harsuna daban-daban, ƴan wasan Faransa su gama su fita, na Jamus ko na Italiya su shigo ɗaki ɗaya su yi labari ɗaya. Tsadar abin ta sa aka bar shi aka koma ga ɗora murya da rubutu a ƙasan hoto. Iyayenmu kuwa ba wanda ya yi musu ko ɗaya da Hausa, saboda haka suka zaɓi finafinan da ido ke iya bi: na kaboyi, na faɗan Sin daga baya, da na Indiya waɗanda suka shigo tun shekarun 1950 suka zauna daram. Labarin auren dole, da uba mai arziki da ya ƙi talaka, da kunyar ɗiya a gaban iyayenta, ba ya bukatar tafinta a ƙasar Hausa, ga kuma waƙa da ake iya haddacewa ko ba a san ma'anarta ba. A kowane benci kuma akan samu wanda ya kalli fim ɗin sau da yawa, yana raɗa wa na kusa da shi abin da jarumi ya ce, yana ƙara gishiri yadda ya ga dama. Masu fassara finafinan Indiya da Hausa a yau aikin wancan mutum suka gada, sai dai su ana biyansu.

Tambaya daga wani matashi mai gidan kallon ƙwallo a Gidan Rumji: Baba, ƴan talla sun cika mini ƙofa, mai shayi da mai tsire da masu rake, ga ƴan kabu-kabu, kuma ba abin da nake samu daga gare su sai shara. In kore su ne? Wani abokina kuma ya ce in riƙa yin ƙuri'ar kuɗi da lambar tikiti don in jawo mutane.

Amsa: Ɗana, kada ka kore su. An yi irin wannan gardama a Amurka a daidai zamanin da muke magana a kai, kuma a kan gugguru aka yi ta. Manyan gidajen silima na shekarun 1920 sun shimfiɗa dardumai masu tsada, saboda haka suka hana shiga da abinci, masu gugguru suka kafa kekunansu a bakin titi suna sayar wa masu shiga. Da tattalin arziki ya karye, sai wasu masu gidaje suka lura cewa mutumin da ke ƙofarsu yana sayar da ƙunshi a kan santi 5 ko 10 ya fi su kwana da riba, tunda masara ba ta da tsada kuma ba mai raba kuɗin da shi. Suka fara ba shi hayar wuri a cikin zaure, daga baya suka sayi injin da kansu. Har gobe, a manyan gidajen silima na duniya, kaso mai yawa na kuɗin tikiti na masu fim ne, ribar mai gida tana wajen abin ci da abin sha.

Halin da kake ciki bai bambanta ba. Dala ashirin ɗin da kake karɓa a ƙofa, kafin ka taɓa ta, kuɗin tashar tauraron ɗan'adam ya ci nasa, man injin wuta ya ci nasa, mai fili ya ci nasa. Abin da ya rage a cikin gari shi ne cinikin ƙofa. Ka zauna da su a yi magana ta mutunci, musamman manyan cikinsu, a tsayar da ɗan abin da kowa zai riƙa bayarwa a daren babban wasa, a kuma ɗora musu sharar wurin. Yara masu talla kuwa ka bar su, kada ka karɓi komai a hannunsu. Ruwan sanyi da lemo ka riƙe su da kanka, tunda injinka yana aiki ko da firji ko babu. Mai gyaran waya ko tela na kusa da kai kuma, ka nuna masa bangonka, wataƙila ya biya a rubuta sunan shagonsa inda mutum ɗari za su zauna suna fuskanta minti 90.

Shawarar abokinka kuwa ban goyi bayanta ba. Mutum ya biya kuɗi da fatan a zaro lambarsa ya kwashi na wasu, wannan ko a can an kai shi kotu, a nan kuma ba sai na gaya maka abin da malaman garinku za su kira shi ba. Idan kana son ka riƙe mutane, ka ba wanda ya zo wasa tara na goma kyauta, kowa ya san abin da ya saya.

Abu ɗaya ne ban yarda ka yi sassauci a kansa ba, wato wuta da ƙofa. A watan Mayu na 1951 gobara ta tashi a gidan silima na El Duniya a Kano, mutum fiye da 300 suka rasu, da yawa a turmutsitsin neman fita. Zaren fim na wancan zamani yana kamawa da wuta kamar fetur, kai kuma fetur ɗin kansa kake ajiyewa, a cikin rumfar kwano da zana. Ka fitar da injin da jarkar mai bayan gini, ka buɗe ƙofa ta biyu wadda take turuwa zuwa waje kuma ba a sa mata kwaɗo ana cikin kallo, babura su jeru a gefe ɗaya ba a bakin mashiga ba, mai tsire da mai shayi kuwa ka ba su wuri a tsallaken hanya ko aƙalla taku goma daga zana.